Kawuna Uku a Kan Buhu: Tarihin Kan Inji da Yadda Ake Zaɓensa a Zafin Sakkwato

Idan ka taɓa kai tsohuwar mota gareji a Buzaye ko J. Allen, a cikin garin Sakkwato, don a sauke mata inji, mai yiwuwa ka san wannan lokacin. An kwance komai, an shimfiɗa buhu a ƙasa, bawul da notuna suna jiƙe a kwanon fetur, sai bakanike ya goge hannunsa ya ce saura magana ɗaya: wane kai za a ɗora?

Ni ma na tsaya a irin wannan wuri a bazarar da ta wuce. Motar baffana ce, Peugeot 504 da kowa ke kira Fijo, haɗin Kaduna, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Ta tafasa a hanyar Illela, ruwa ya haɗu da baƙin mai har ya koma kamar shayi mai madara. Bakanike ya jera mana kawuna uku a kan buhu. Na farko shi ne nata na asali, wanda aka taɓa aske wa fuska har sau biyu. Na biyu ɗan Beljiyam ne, ya yi baƙi da datti, an ciro shi daga wata motar da ta ƙare rayuwarta a Turai. Na uku sabo ne dal a kwali, yana ƙyalli, amma babu sunan kamfani a jikinsa. Kuɗin da ke hannun baffa na zaɓi ɗaya ne, kuma idan aka yi kuskure, aikin inji gaba ɗaya ya tashi a banza.

Mai karatu, kafin in gaya maka wanda muka ɗauka, bari mu koma baya shekara ɗari da wani abu. Duk kan injin da ka gani an ƙera shi ne don wani irin fetur da wani irin yanayi, kuma wanda ya san wannan tarihin ba ya zaɓe da ido kawai.

Mene ne kan inji?

Kanikawa suna kiransa tof silinda. Shi ne murfin da ke rufe saman ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki. Sai dai murfi ne mai aiki da yawa. A jikinsa bawul ɗin shigar iska da na fitar hayaƙi suke zaune, a nan ake ɗaura fulogi, kuma a cikinsa akwai hanyoyin da ruwa ke zagayawa yana kwashe zafi. A fuskarsa ta ƙasa, saman kowane fistin, akwai ɗan ƙoƙo. Wannan ƙoƙon shi ne ɗakin ƙuna, inda fetur da iska ke kamawa da wuta.

Lamba ɗaya ce za ka riƙe a duk wannan rubutu, wato adadin matsi. Idan fistin yana ƙasa, silinda ta cika da iska da fetur. Idan ya hau sama, sai ya cusa su duka cikin ɗan wurin da ya rage. In an ce matsin inji 8 ne, ana nufin abin da ya cika mudu takwas an danne shi cikin mudu ɗaya. Ƙanƙantar ɗakin ƙuna ita ke ƙara matsi, ƙarin matsi kuma yana sa a ci moriyar fetur sosai. Tarihin kan inji kusan gaba ɗaya kokawa ce da wannan lambar.

Lokacin da kai bai cika ciruwa ba

A shekarar 1876 Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala injin nan mai bugu huɗu: shaƙa, matsa, ƙona, fitar. Har yau shi ne a motarka da janaretanka. A farkon zamanin mota, kamfanoni da yawa suna zuba silinda da kanta a dunƙule guda, saboda ba su da gaskit ɗin da zai jure wuta da ruwa a lokaci ɗaya. Wanda yake son goge bawul ko kankare baƙin da ya taru a ciki, sai ya sha wahala.

Motar Ford Model T, da ta fito a Amurka a 1908, tana cikin waɗanda suka yaɗa kai mai ciruwa da notuna ga talakawan direbobi. Kanta faranti ne na ƙarfen zubi, kusan babu komai a jikinsa sai ramin fulogi da hanyar ruwa, don bawul ɗin suna gefe, a jikin bulok. Girman injin lita 2.9 ne, ƙarfinsa doki 20, matsinsa wajen 4. Kwatanta da Fijo 504 mai lita 2, wadda ke ba da sama da doki 90. Injin ya fi ƙanƙanta, ƙarfin ya ninka fiye da sau huɗu, kuma babban ɓangaren wannan bambanci daga kai ya fito.

Masu tseren mota su suka fara gane haka. A 1912 kamfanin Peugeot ya fito da motar tsere mai suna L76. Injiniya Ernest Henry da direbobin kamfanin sun ɗauke bawul daga gefe sun mai da su sama, huɗu a kowace silinda, a karkace, da sanduna biyu masu buɗe su a saman injin. Ɗakin ƙuna ya dunƙule wuri ɗaya, fulogi ya zo tsakiya, iska ta samu hanya miƙaƙƙiya. Georges Boillot ya ci babban tseren Faransa da ita a 1912, inda ya kayar da motocin da injinsu ya kusa ninka nata girma. A 1913 Jules Goux ya ci tseren Indianapolis a Amurka da Peugeot. Tsarin da kake gani a yawancin motocin yau, mai bawul goma sha shida a silinda huɗu, jikan wannan injin ne.

Ƙarar da ta hana injiniyoyi barci

To me ya hana Ford da sauran su ƙara matsi tun a lokacin? Wata ƙara ce.

A nan sai mu rarrabe abu biyu. Idan bakanike a Nijeriya ya ce inji ya buga, yana nufin ya cije, ya mutu. Abin da muke magana a kai daban ne, ko da yake yana iya kai inji ga bugawa. Ita ce ƙarar ƙyal-ƙyal da kake ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, idan ka taka totur a babbar giya motar tana hawa tudu da kaya. Yadda ya kamata shi ne wuta ta tashi daga fulogi ta bi ɗakin ƙuna a jere, kamar yadda wutar daji ke cin ciyawa. Amma idan matsi da zafi suka yi yawa, ragowar fetur ɗin da ke can lungu ba ya jiran wuta ta iso, sai ya fashe da kansa. Wannan fashewar tana dukan fistin da gaskit kamar guduma, tana kuma zuba zafi a jikin kai.

Injiniyan Ingila Harry Ricardo ya yi shekaru yana nazarin wannan matsala, tun lokacin da yake ƙera injin tankokin yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya nuna cewa siffar ɗakin ƙuna tana da hannu a ciki. Idan aka sa iska ta yi juyi da ƙarfi, aka kuma rage tazarar da wuta za ta yi tafiya, ƙuna tana ƙarewa kafin lungu ya samu damar fashewa. Ya kuma nuna cewa fetur ma kala-kala ne wajen jure matsi.

Daga ɓangaren fetur, a watan Disamba na 1921 Thomas Midgley, mai bincike a kamfanin General Motors, ya gano cewa ɗigon wani sinadari mai dalma yana kashe ƙarar. A 1923 aka fara sayar da fetur mai dalma a Amurka. A cikin shekarun nan ne kuma aka tsara ma'aunin okten, lambar da ke nuna yadda fetur ke jure matsi. Tun daga nan kai da fetur suka riƙa tafiya tare, in okten ya hau sai masu ƙera mota su ƙanƙanta ɗakin ƙuna.

Akwai wani lissafi da ya kamata mai son ƙarfin mota ya sani. A ƙa'idar injin Otto, a kan takarda, matsi 4 yana mai da kashi 43 cikin 100 na zafin mai zuwa aiki. Matsi 8 yana kai kashi 56 da ɗoriya. Matsi 9 kuwa kashi 58 da ɗoriya ne. Inji na gaske ba ya kai waɗannan lambobi, amma yanayin hawansu haka yake. Ka ga ke nan babbar riba an riga an ci ta tun tuni. Daga 8 zuwa 9 ɗan ƙari ne kaɗan, alhali haɗarin ƙyal-ƙyal yana ƙaruwa sosai.

Daga Sochaux zuwa Kakuri

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Peugeot ta sauko da darasin tsere cikin motar gida. Motar 203 ta 1948 ta zo da kai na alminiyum mai ɗakin ƙuna kamar rabin ƙwarya. Sai 403, sai 404 a 1960, sannan 504 a 1968, wadda aka zaɓa motar shekara ta Turai a 1969. Ta fara da inji mai sisi 1,796, daga 1970 aka ƙara mai sisi 1,971, wanda muke kira lita biyu. Bulok ɗin na ƙarfen zubi ne, kai na alminiyum, an kuma kwantar da injin a karkace don bonet ya yi ƙasa. Wannan injin mai lita biyu ya ci gaba har cikin 505.

Mutane da yawa a nan sun san 504 a matsayin motar haya ko ta ma'aikata, ba su san tana da 'yar'uwa ta ƙwalisa ba. A 1969 aka fito da 504 mai ƙofa biyu da kuma mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, daga 1974 kuma aka sa musu inji mai silinda shida. A fagen tseren daji ma ta yi suna, kuma a Afirka ta yi shi. A 1975 Ove Andersson ɗan Suwidin ya ci tseren Safari na Kenya da 504, Hannu Mikkola ɗan Finlan ya ci na Maroko da ita a shekarar. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da kuma tseren Bandama na Kwaddibuwa da mai ƙofa biyun. A wancan zamani, tseren Safari tafiya ce ta dubban kilomita cikin ƙura da taɓo, kuma yawancin motocin da ke shiga ba sa kaiwa ƙarshe. Akwai motocin da suka fi 504 gudu a wuraren nan. Abin da ya ba ta nasara shi ne tana isa.

A shekarar 1975 ɗin dai aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, shekarar da aka kafa jami'ar Sakkwato da yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, gwamnatin soja ta Obasanjo kuma ta mai da Peugeot motar jami'an gwamnati. Sababbin ma'aikatu, sababbin malamai, bashin mota, sai Fijo ta cika gari. Wagon ta riƙe hanyar Gusau da Funtuwa, da ta Jega da Yawuri, da ta Illela zuwa Birnin Ƙonni. A-kori-kura ta riƙe kasuwannin ƙauye. Hatta bikin kamun kifi na Argungu, da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, daga baya an haɗa masa da tseren motoci. Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa.

Abin lura a nan shi ne, injin 504 ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai kafireto, akwai mai feshin mai na Kugelfischer wanda hanyoyin iskarsa daban ne. Akwai mai faɗin silinda milimita 84, akwai mai 88. Akwai wanda aka yi don fetur mai okten sosai, akwai mai sassaucin matsi don fetur na gama-gari. A kan buhu duk kamarsu ɗaya ga wanda bai auna ba.

Abin da Sakkwato ke yi wa alminiyum

Me ya sa aka zaɓi alminiyum tun farko? Nauyinsa bai kai rabin na ƙarfen zubi ba, kuma yana kwashe zafi kusan sau uku fiye da shi. Kai mai saurin kwashe zafi ba ya barin lungunan ɗakin ƙuna su yi ja, don haka yana jure matsi. Amma yana da hali biyu da ya kamata ka sani.

Na farko, yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen zubi. Ɗauki kai mai tsawon rabin mita. Idan zafinsa ya ƙaru da digiri 100, zai ƙara tsawo da milimita ɗaya da ɗan kai, bulok ɗin da ke ƙarƙashinsa kuwa da ɗan abin da ya haura rabin milimita. Kullum ka tada mota ka kashe, ƙarafan nan biyu suna goga juna, gaskit yana tsakani yana haƙuri. An yi lissafin wannan tun a masana'anta. Abin da ba a yi lissafinsa ba shi ne ranar da ruwa ya ƙare direba ya ce bari in lallaɓa in kai gari. A ranar, kai yana so ya buɗe, notuna sun danne shi, sai ya lanƙwashe. Idan zafin ya haura digiri 200 ya daɗe, ƙarfen kansa yana yin laushi, kuma ba ya komawa yadda yake don ya huce.

Na biyu, alminiyum da ƙarfe idan suka haɗu cikin ruwa mai gishiri-gishiri, sun zama ɗan batir, kuma alminiyum ne ke cinyewa. Ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan ba don ƙanƙara kawai aka yi shi ba, yana ɗauke da sinadaran hana wannan cin. Mu kuwa mun saba zuba ruwan rijiya ko na burtsatse. Ƙasar Sakkwato tana da dutsen farar ƙasa, shi ya sa aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina, kuma ruwan wurare da yawa yana barin farin ɓawo a butar shayi. Irin wannan ɓawon yana taruwa a hanyoyin ruwa na cikin kai, ya zama bargo tsakanin ƙarfe da ruwa.

Sai kuma iskar da injin ke shaƙa. A Sochaux, garin Faransa da aka fara ƙera 504, zafin rana a tsakiyar bazararsu wajen digiri 25 ne. A Sakkwato a watan Afrilu, 40 abin yau da kullum ne. Matsi yana ninka zafin iska, don haka ƙarin digiri 10 a bakin kafireto yana zama ƙarin sama da 20 a ƙarshen matsi. Injin da ke tafiya lafiya lau a Faransa yana iya fara ƙyal-ƙyal a hanyar Wurno da azahar ba tare da an taɓa masa komai ba. Ƙara da ƙurar hunturu da ke toshe lagireto daga waje, da al'adar cire tamostat da zarar mota ta fara zafi, wadda takan ɓoye ciwon ne kawai na ɗan lokaci.

Lissafin aski

Idan kai ya lanƙwashe, maganin da aka sani shi ne a kai shi wurin masu injin goge ƙarfe su aske fuskarsa ta miƙe. Aiki ne mai kyau in an yi shi da awo. Sai dai duk aski yana rage zurfin ɗakin ƙuna.

Ga lissafin. Injin sisi 1,971 yana da silinda huɗu, kowace wajen sisi 493. Mu ɗauka wurin da ya rage saman fistin, har da kaurin gaskit, sisi 67 ne. Haɗa 493 da 67 ka raba da 67, matsi ya kama kusan 8.4. Faɗin silinda milimita 88 ne, don haka idan bakin ƙoƙon ya kai wannan faɗin, askin milimita ɗaya yana cire wajen sisi 6. Saura 61. Sake lissafi, matsi ya koma kusan 9.1. Milimita ɗaya fa, kaurin katin banki da ɗan ƙari.

Yanzu ka ga tarkon. Mota ta yi zafi, an yi aski, matsi ya hau. Matsi ya hau, ƙyal-ƙyal ta fara, zafi ya ƙaru, gaskit ya sake ƙonewa, an sake aski. Mai mota yana cewa da farko har ta fi ƙarfi, kuma gaskiya ya faɗa, amma ƙarfin aro ne. Fetur ɗinmu okten ɗinsa wajen 90 zuwa 91 ne, na gama-gari a Turai 95. Idan kuma wahalar mai ta kai ka wurin 'yan bumburutu aka yi rashin sa'a an sirka da kananzir, okten ya ƙara faɗuwa. Ana iya rage matsalar da gaskit mai kauri ko a ja lokacin wuta baya kaɗan, amma kowane kai yana da iyakar kaurin da kamfani ya ce kada a wuce.

Dalma ta tafi, Beljiyam ta zo

Abu biyu suka sake sauya zaɓin mai tsohuwar mota. Na ɗaya, faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa sabuwar mota da sabon kayan gyara suka gagari yawancin mutane. Kasuwa ta koma ga motoci da kayan gwanjo daga Turai, ta Legas da Kwatano, waɗanda muke kira Beljiyam. Daga baya kuma sababbin kaya marasa suna suka shigo da araha.

Na biyu, duniya ta yarda cewa dalmar da ke cikin fetur guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwar yara. Ba alminiyum ɗin da masu zubin tukwane ke kira dalma nake nufi ba. Ainihin dalma nake nufi, irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun yi alkawari a Dakar a 2001, zuwa farkon 2006 kuma suka daina sayar da fetur mai dalma. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Wannan ya shafi tsofaffin kawuna, domin dalmar tana barin ɗan shafi a mazaunin bawul ɗin hayaƙi, yana hana shi cinyewa. Tsofaffin motocin ƙwalisa na Ingila masu kan ƙarfen zubi, irin su MGB, inda bawul ke zama kai tsaye a jikin ƙarfen, su suka fi shan wahala, har masu su kan sa a dasa musu zoben ƙarfe mai tauri. Mai Fijo ya ɗan yi sa'a, don kan alminiyum tun asali da dasasshen zobe yake zuwa. Duk da haka a duba, in bawul ya nutse cikin mazauninsa fiye da 'yan'uwansa, akwai magana.

Komawa kan buhu

To ga yadda muka yi, kuma babu abin da ya fi ƙarfin gareji na gari a ciki.

Mun fara da miƙewa. Aka wanke fuskar kowane kai, aka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye da kuma a gicciye, ana gwada zura filagej a ƙarƙashi. In ratar ta kai kaurin takardar rubutu, wato wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, ya kai a damu. Sai kauri, aka auna kowanne daga sama zuwa fuska. Sai girman ɗakin ƙuna, wanda na zo da kayan aikinsa daga kemis: sirinji da ɗan farantin roba mai huji. Ka kifa kai, bawul da fulogi suna ciki, ka shafa giris a baki ka rufe da farantin, ka riƙa ɗura kananzir kana ƙirga sisi har ya cika. Yaran gareji sun yi mini dariya da farko, daga baya su suka karɓi sirinjin. Na ƙarshe shi ne tsaga. Ana toshe hanyoyin ruwa, a hura iska, a tsoma kai cikin ruwan zafi a ga ko kumfa za ta fito, musamman tsakanin bawul biyu da kewayen ramin fulogi.

Na asalin ya faɗi tun a awon kauri. Ga shi kuma wurin zaman notuna ya lotsa, alamar ƙarfen ya yi laushi. Baffa bai ji daɗi ba, amma bai yi gardama da awo ba. Sabon na kwali ya miƙe sarai, sai dai ɗakunansa huɗu ba su zo daidai da juna ba, hanyoyin ruwansa kuma da ragowar yashin zubi. Kyan ɗan maciji ke nan. Ba duk sabon kai ne haka ba, amma wanda ba shi da suna ba shi da wanda za ka riƙe. Ɗan Beljiyam da aka wanke shi sai ga hanyoyin ruwa fes, alamar ya rayu da ruwan lagireto na kirki, ba a taɓa aske shi ba, ɗakunansa sun yi daidai, kuma ya dace da faɗin silinda da kafireton motar. Shi muka ɗauka. Da awon ya nuna akasin haka, da wani muka ɗauka, don Beljiyam ma ana samun mai tsaga a ciki.

Wajen ɗaurawa bakaniken ya nuna nasa sanin. Silindar wannan injin hannun riga ce da ake zurawa cikin bulok, ruwa yana taɓa ta kai tsaye, don haka ya danne su da wasa da noti, ya hana kowa juya injin kafin a ɗora kai, kada su motsa ruwa ya samu hanya zuwa baƙin mai. Ya ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai ma'auni, ba da bututun da ake ƙara wa sifana a taka da ƙafa ba. Ragowar kuɗin baffa ya tafi a wanke lagireto, sabon murfinsa, tamostat, fanbel da galan na ruwan lagireto. Murfin nan da ake rainawa yana riƙe matsi ne, ya ɗaga zafin tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 110 ko 120, gwargwadon irinsa.

Idan taka motar ce a kan layi, ko 504 ce ko 505 ko wata tsohuwar Marsandi, tambayoyin ba sa canzawa. Don wane inji da wane fetur aka yi wannan kai? Sau nawa ya tafasa, sau nawa ya sha aski? Nawa ne matsin da zai bayar in an ɗora shi, kuma motar za ta jure shi a watan Afrilu da fasinja da kaya? In wani ya yi maka tallan kai da cewa zai sa mota ta tashi sama, ka tuna motocin da suka ci Safari, ka nemi sirinji.

Tsohon kan kuwa, 'yan gwangwan sun taya shi tun a gareji, kuma na san inda zai ƙare: a narke shi a zuba tukunya ko ludayi. Baffa ya ce a'a. Ya sa aka wanke shi aka kai gida, yana nan a zaure, an tokare ƙofa da shi. Motar kuma ta je Argungu ta dawo sau biyu tun daga lokacin, allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba.